Kada A Jira Ni: Magana Ga Matafiyin Da Ya Bar Tsoho A Zango

Maganar yau da kai take, kai da rabin shekararka ke ƙarewa a kan hanya. Ko kai ne mai ɗauko albasa daga Galmi ka sauke a Adjen Kotoku, ko mai kai shanu karar Turaku a Ashaiman, ko mai kiwo can cikin Afram Plains, ko Hajiya mai saro atamfa a Lome ta shigo ta Aflao. Abin da ya haɗa ku ɗaya ne: kun bar tsoho ko tsohuwa a ɗaki, a Nima ko Mamobi ko New Town, kuma ranar da ciwo zai tashi ba lalle kuna gari ba.

Ba sabon abu ba ne. Ita kanta Nima, ai mashekarin shanu ce tun farko. Malam Amadu Futa ya samu filin a wajen mutanen Osu cikin shekarun 1930 don dabbobi su huta kafin a shigar da su Akra. Unguwa ce ta masu zuwa da tafiya tun ranar da aka kafa ta. Abin da ya canza shi ne, waɗanda suka yi wancan zirga-zirga sun tsufa, wasu ma 'ya'yansu sun tsufa, kuma filin kiwon ya zama lungu-lungu wanda mutum biyu ba su iya jerawa.

To, bari in fara da abin da ya fi damuna, don shi ne kan magana. A gidajenmu na zango, idan tsoho ya faɗi, abu na farko da ake nema ba mota ba ce, izini ne. Sai ka ji ana cewa a kira Alhaji. A kira babban ɗa. Shi kuwa babban ɗan yana tsaye a layin kwastan a Paga, kusan kilomita 800 daga Akra, ko ya riga ya tsallaka ya cire layin Gana ya sa na Burkina. Matarsa tana tsaye kan surukinta, tana ganin bakinsa ya karkace, amma tana tsoron ta kai shi asibiti a ce wa ya sa ki. Ƙanensa yana tsoron ya ci bashi a ce wa ya aike ka. Ana ta bugun waya, ana fifita, ana tofi. La'asar ta yi, magariba ta yi. Wallahi ladabi ne ya hana su motsi, ba rashin tausayi ba. Amma wannan ladabin yana cin awanni, kuma awannin nan su ne jarin marar lafiya.

Saboda haka kafin ka ɗauki jakarka, ka tara mutanen gida a gaban tsohon, ka ambaci mutum ɗaya da sunansa, ka ce: wance, idan wani abu ya faru ba na nan, ke ce ni. Ki kai shi asibiti, ki kashe abin da ya kama, kada a jira ni. Ka faɗa da baki a gaban shaidu, a gaban yayyenka mata da kawunnai, don kada gobe wani ya tsare ta da tambaya. Kuma ka zaɓi wanda yake kwana a gidan, ba wanda ya fi shekaru ba. Sau da yawa mai wanke tsohuwa, mai ba ta koko, mai sanin wace ƙwaya take sha da safe, jika ce ko matar ɗa. Ita ta san ranar da Inna ba daidai take ba. Ba daidai ba ne aiki yana hannunta, iko yana Kumasi. Ka ƙara da mutum na biyu, don ita ma tana zuwa kasuwa, musamman ranar Laraba da Nima ke cika.

Wani zai ce, ai in aka kira ni, ko ina nake zan taho. Ɗan'uwa, ka tuna 2020. An rufe iyakokin Gana na ƙasa a watan Maris na shekarar, ba a buɗe ba sai ƙarshen Maris na 2022. Shekara biyu cur. Mutane nawa ne suka ji rasuwar iyayensu ta waya? Gadar Malanville da Gaya ma, an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Hanya ba a hannunka take ba. An ce zuwa da kai ya fi aike, gaskiya ne, amma a awa ɗaya ta farko ba ka da kai, aike kawai gare ka. Sai ka gyara shi.

Yanzu ita wakiliyar taka, me ya kamata ta gane da ido?

Babba shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda hawan jini ke jawowa, kuma kun san yadda hawan jini ya yi katutu a zango. Alamunsa ba su da wuyar ganewa. A ce wa tsoho ya washe baki: in gefe ɗaya ya faɗa, alama ce. A ce ya ɗaga hannu biyu: in ɗaya ya zame ƙasa, alama ce. A ce ya faɗi sunansa: in harshe ya yi nauyi ko maganar ta birkice, alama ce. Ko ɗaya aka gani, a tashi. Ko da ya warware bayan minti goma, a tashi, don wannan gargaɗi ne, babban na iya biyo baya. Kuma a riƙe lokaci. Ba sai da agogo ba: lafiya lau ya yi asuba, da hantsi muka gan shi haka. Likita zai tambaya, domin allurar da ke narkar da gudan jini, inda ake da ita, ba a yin ta in an wuce kamar awa huɗu da rabi.

Ga inda muke kuskure. Ciwon iri biyu ne: ko jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. Daga waje kamarsu ɗaya, sai hoton kai ne ke rabewa. Don haka kada wani ya ce a ba shi asfirin, in fashewa ce ka ƙara wa wuta fetur. Kada a ninka masa ƙwayar hawan jini. Kuma, da girman Allah, kada a ɗura masa komai, ko ruwa, ko koko, ko rubutu. Wanda ɓarinsa ya shanye maƙogwaronsa ma yakan shanye, abin da ka zuba huhu yake tafiya. Ba na hana addu'a, wane ni. A yi ta a cikin mota. Malam ya biyo ku asibiti ya yi tofi a can. Abin da nake ƙi shi ne a ce bugun iska ne, a rufe ƙofa kwana uku, sai jiki ya saki sannan a nemi tasi. Korle Bu na da sashe na musamman na masu wannan ciwo tun 2014, amma ba ya amfanar wanda bai zo ba.

Na biyu, mai ciwon suga. Kowa na tsoron suga ya hau, amma wanda ke kashewa da sauri shi ne ya faɗi. Tsohuwa ta sha ƙwaya ko ta yi allura, sai ta ƙi cin abinci, ko ta nace sai ta yi azumi. Sai gumi, sai rawar jiki, sai surutai kamar mai taɓin hankali. In tana iya haɗiya, a dama suga cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa a ba ta, ko rabin kwalbar lemo, sannan abinci. Cikin kwata ɗin awa za ka ga ta dawo. Duk da haka a kai ta a duba, don wasu ƙwayoyin na daɗewa a jiki, sugan ya sake faɗuwa da dare. In kuwa ta suma, babu abin da za a sa a baki. A kwantar da ita a gefe, fuska na kallon ƙasa kaɗan don kada amai ya shaƙe ta, a nemi mota.

Faɗuwa a makewayi kuwa, wannan kullum ne. Siminti ya yi gansakuka, tsoho ya fita alwala da duhu. In ya kasa tashi, ka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ƙashin ƙugu ne ya karye. Kada a miƙar da shi tsaye, kada a ja ƙafar. Na san muna da masu ɗori na gado, kuma makiyayi ya fi kowa sanin aikinsu. Amma karayar ƙugun tsoho tana can ciki, ba inda za a ɗaura kara, kuma kwanciyar wata da watanni ita ke kawo gyambon baya da ciwon huhu. Wannan ta asibiti ce. In kuma kai ne ya bugu, a sa ido kwanaki: yawan barci, amai, ko rikicewa, a tafi.

Sauran in faɗe su a gurguje. Dattijo ya kasa fitsari tun safe, mara ta kumbura: roba za a sa masa, aikin minti kaɗan ne, kada kunya ta sa ya kwana da shi. Ciwon ƙirji mai danna mutum da gumi da haki: a tafi yanzu. Gudawa: tsoho ba ya jure ta, a haɗa ruwan leda biyu, wato lita ɗaya, da suga cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali, yana kurɓa ana shirin tafiya. Wanda ya ga kwalarar 2014 a Akra ba ya wasa da wannan. Kuma tsohon da ya kwana da hankalinsa ya tashi bai gane jikokinsa ba, kada a ce tsufa ne. Tsufa ba ya zuwa dare ɗaya. Sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara, kuma yana da magani.

To an yarda za a tafi. Ta ina? Nan ne zango ya bambanta da Kanda ko Cantonments. Lambar gaggawa a Gana 112 ce, kyauta, kowane layi. A watan Janairun 2020 gwamnati ta raba motocin asibiti 307, kowace mazaɓa ta samu. Amfaninta, ma'aikatanta na fara taimako tun a hanya. Sai dai motar ba ta shiga lungu, kuma direban ba lalle ya san gidan Hajiya mai waina ba. Saboda haka ku tsayar da wuri ɗaya a bakin titi wanda kowa ya sani, ko shataletalen Nima, ko Kawukudi, ko bakin kasuwar Malam Atta, ko wani masallaci na kan hanya, a ce nan za mu tare ku, a tura yaro ya tsaya yana ɗaga hannu. Akwai kuma lambar gida ta GhanaPost GPS da aka fito da ita a 2017. A sa wani yaro mai waya ya ciro ta gidanku, a rubuta da manyan baƙaƙe a bango kusa da gadon tsohon.

Daga ɗaki zuwa titi fa? Ka taɓa bin hanyar da idon mai ɗauke da mutum? Ka bi yau. Ka ƙirga kwatocin da za a tsallaka, ka ga inda teburin mai kenke ya tare, ka ga ko ƙofar ɗakin za ta bar katifa ta fita. Abin dariya, abin kuka: a lungunanmu abu ɗaya da aka ƙera don ɗaukar mutum a kwance shi ne makarar masallaci, kuma ba mai son ganinta a ƙofar gidansa. To a tanadi kujerar roba mai ƙarfi ga wanda zai iya zama, da bargo mai kauri ko faffaɗan katako ga wanda ba zai iya ba. Su wa za su ɗauka? Ga samari nan a bes suna dafa ataya har ƙarfe biyun dare. Ka je ka gaishe su kafin ka tafi, ka saya musu suga da ganyen shayi, ka ce ga tsohona nan amana. Ka karɓi lambar biyu daga cikinsu. Za ka sha mamakin yadda yaran nan da muke zagi suke riƙe irin wannan amana.

Kuma kada ku dogara ga kira ɗaya. A sami direban tasi biyu na unguwa waɗanda suka yarda a tashe su da dare. A kira 112, a kira su, wanda ya riga iso shi ke nan. Okada dai ba ta ɗaukar wanda ba ya iya riƙe kansa.

Wane asibiti? Babban asibitin Mamobi na nan kusa, kuma ga yawancin abubuwa nan ne farko. Asibitin Soja na 37 da na Ridge ba su da nisa, Korle Bu ya fi nisa, ga cunkoson Circle. Tun ana lafiya, ranar da aka kai tsohon awo, a tambayi likitansa: in kaza ya faru da dare, ina za mu nufa? A rubuta amsar. Ina faɗin haka ne saboda abin da ya faru a watan Yunin 2018, wanda duk Gana ta ji: wani dattijo mai shekara 70, iyalinsa suka zagaya da shi asibiti bakwai a Akra cikin dare, ko'ina a ce babu gado, har ya cika a cikin mota. Bayan nan hukumar lafiya ta ba da umarni kada a ƙara mayar da mai neman taimakon gaggawa. Wakiliyarka ta san da wannan. In an ce babu gado, ta roƙa cikin ladabi a duba shi ko a kan kujera ne, a ba shi taimakon farko, a kira asibitin gaba a tabbatar, a ba ta takardar turawa. Kuma ta tafi da wanda ke jin Turanci ko Tuwi, don tsofaffinmu da yawa in ciwo ya yi tsanani harshen uwa kawai ke saura, Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci.

Sai takardu da kuɗi. Katin inshorar lafiya shekara ɗaya yake yi ya mutu. Wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara, ɗan abin sabuntawa kawai zai biya, kuma ana yi ta waya da *929#. Amma mutane kan bar shi ya mutu, sai a gane a bakin tagar asibiti, kuma wanda ya daɗe da mutuwa akan sa shi jira kafin ya fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗaura sabuntawar da wani abu da ba ka mantawa, misali kowace shekara kafin ka fita cinikin ragunan layya. A haɗa shi da Ghana Card da katin asibiti mai lambar fayil, da duk magungunan da yake sha a kwalayensu, har da na gargajiya, a leda ɗaya mai ƙulli. Likita ya fi son ganin kwalin da a ce masa wata 'yar fara ce ƙarama. Ka ɗauki hotonsu a wayarka kai ma.

Inshora ba ta ɗauke komai ba. Hoton kai, wasu gwaje-gwaje, wasu magunguna, sau da yawa daga aljihu ne. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a taɓa uwar kuɗi. To ka ware wa tsohonka tasa uwar kuɗin: wani abu a MoMo na wakiliyar, wani abu takarda a hannu, don dare ne da dare sabis ke ɗaukewa. Ba na cefane ba ne, ba na biki ba ne. Kai kuma makiyayi da dukiyarka ke tafiya da ƙafa huɗu, saniya ba ta zama sidi da ƙarfe ukun dare. Ka yi magana da dillalinka a kara tun yanzu: in gidana suka kira, ka ba su kaza, mu yi lissafi in na fito. Ka bar musu lambar Arɗo, ko ta mai shagon da kuke cajin waya a ƙauyen da ya fi kusa da ruga. Mai mota ya bar lambar yaron mota da ta mai masaukinsa a kowane zango. Layinka na ƙetare ma a rubuta shi a bangon nan.

Ba ciwo ne kaɗai gaggawa ba. Daren 3 ga Yunin 2015, ruwa da gobarar gidan mai a Circle sun ci rai fiye da 150. Babbar kwatar Nima, wadda ke gangarawa ta faɗa Odaw, in ta cika ba ta sallama. Matashi zai haye katanga, tsohuwa mai ciwon gwiwa fa? In gidanku na gangare, tun watan Mayu a san gidan wa za a kai ta a kan tudu, kuma a kai ta tun ruwa na idon sawu, a kashe mita kafin a fita. Ledar takardun nan a rataye ta a ƙusa, sama, ba ƙarƙashin katifa ba. Fitila mai caji ta kwana kusa da ita. Mai allurar insulin, in an ɗauke wuta, a sa kwalbar a leda a ajiye cikin sanyin randa, ba a rana ba.

Akwai wani abu da ake yi wanda ba a son faɗa. Tsohon da ya fara ruɗewa yana fita ya ɓace, sai a kulle shi da kwaɗo a tafi kasuwa. Na fahimci dalili. Amma ɗaki mai taga da ƙarfe, ga tukunyar gas a tsakar gida, ga wayoyin wuta kamar saƙar gizo, ka san abin da nake nufi. In dole ne, mabuɗi ya zauna a hannun maƙwabciyar da ba ta fita, kuma kowa a gidan ya san wurinta. A sa masa 'yar takarda mai lambar waya a aljihun riga.

Shi kansa tsohon, a tambaye shi tun yana da bakinsa. Yawancin dattawan zango sun yi zamaninsu suna masu masauki, akwai ajiyar mutane a hannunsu, akwai bashin da suke bi, akwai wanda ake bin su, kuma duk a ka yake. Shanyewar jiki na iya ɗauke magana cikin minti ɗaya ta bar mutum da rai shekaru. Ka zauna da shi bayan isha'i, kai da wani ɗan'uwa, a rubuta. Ka tambaye shi kuma wa yake so ya riƙa yi masa wanka in ya kasa, don wani ya gwammace ya yi shiru da ciwo da 'yarsa ta ga tsiraicinsa.

In kuma kiran ya same ka a hanya, tambaya uku ta ishe ka: yana numfashi, kun fita, wane asibiti? Sai ka kashe, ka bar musu layin, don likita ko direba na iya nemansu. Ka tura abin da za ka tura. Kada ka matsa wa direbanka ya kwana yana gudu tsakanin Tamale da Kintampo, gida ɗaya ba ya ɗaukar majinyata biyu. Ka sayar da abin da ya sayu, ka damƙa sauran ga mai masauki, ka kamo motar safe.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya kai ku ya dawo da ku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.